Gottingen, Garin da Ya Ajiye wa Lamba Akwati

Jirgin ƙasa mai gudu da ya taso daga Frankfurt ba ya cika awa biyu yake sauke mutum a Gottingen, kuma abin da ke fara tarbar baƙo a bakin tasha kekuna ne, jingim, fili guda, har ka riƙa tunanin yadda mai keke ke gane nasa idan ya dawo. Garin ba shi da wani girma. Mutanensa wajen 120,000 ne, kuma kaso mai tsoka daga cikinsu ɗalibai ne da malaman jami'ar da aka buɗe a 1737. A ƙafa za ka ratsa tsohon garin daga wannan baki zuwa wancan ba ka yi gumi ba. Tsohuwar ganuwarsu ma ba su bari ta zube ba, sun mai da samanta hanyar shan iska mai inuwar itatuwa, tsofaffi na takawa a hankali, matasa na sassarfa.

Bangayen gidaje ne suka fara sace mini hankali. Ka ɗaga kai kaɗan sai ka ga farin allon dutse ɗauke da sunan wani da shekarun da ya zauna a gidan. Tun 1874 suke wannan al'ada, allunan sun haura 300, kuma akasarin masu sunayen ba sarauta suka riƙe ba, ba dukiya suka tara ba. Masana ne da marubuta. A ƙasan gida ana sayar da burodi ko takalma, a samansa ga sunan mutumin da ake karanta littafinsa a jami'o'in duniya. A dandalin kasuwa kuma akwai wani mutum-mutumin yarinya mai kiwon agwagi, a kan maɓuɓɓugar ruwa, tun 1901. Duk wanda ya kammala digirin digirgir, abokansa kan jawo shi a amalanke har wurin, ya hau ya ba ta furanni, ya sumbace ta. Ni dai ban ga abin sumbata a jikin tagulla ba, amma garin da babban bikinsa na titi shi ne wani ya gama karatu, ai ya ci a sara masa.

Mai masaukina ƙanen wani abokina ne, Badamagare, yana karatun aikin gona a can. Da na gaya masa akwati na zo gani, sai ya ajiye kofin shayinsa.

"Yaya, duk wannan tafiyar saboda akwati?"

"Saboda 65537," na ce masa.

"Lambar wayar wa ke nan?"

To, ga lambar. Jera biyu guda goma sha shida ka buga su da juna, za ka sami 65,536. Ƙara ɗaya, ka iso. Lamba ce marar rabuwa, wato babu abin da ke raba ta daidai ba saura sai ɗaya da ita kanta. Mai shakka zai iya gwadawa da fensir a yini guda, domin 256 sau 256 shi ne 65,536, saboda haka lambobi marasa rabuwa da ke ƙasa da 256 kaɗai za a jarraba, su kuwa 54 ne, daga 2 zuwa 251. Babu wadda za ta shiga. A jerin lambobi marasa rabuwa ita ce ta 6,543.

Wannan kaɗai ba abin a zo a gani ba ne, tun da irin waɗannan lambobi ba su da iyaka. Danginta ne suka fitar da ita daban. Su biyar ne: 3, 5, 17, 257, 65,537. Kowace daga wadda ta gabace ta take fitowa, ta hanya ɗaya: cire ɗaya, buga abin da ya rage da kansa, sa'an nan ka mai da ɗayan. Daga 5 ka cire ɗaya saura 4, huɗu sau huɗu 16, da ɗaya 17. Daga 17, sha shida sau sha shida 256, da ɗaya 257. Haka har zuwa tamu. Akwai kuma wata alaƙa da ta fi burge ni: buga dukan na baya da juna ka ƙara biyu, sai ta gaba ta fito. Uku sau biyar 15, da biyu 17. Uku sau biyar sau sha bakwai 255, da biyu 257. Buga huɗun farko ka sami 65,535, saura biyu ke nan ka iso 65,537.

Pierre de Fermat, wani ma'aikacin shari'a a birnin Toulouse na Faransa wanda lissafi ya zame masa abin yi bayan tashi daga aiki, shi ya lura da dangin. A wasiƙunsa na 1640 ya nuna ya haƙiƙance duk lambar da ta fito ta wannan hanya ba za ta rabu ba har abada, ko da yake ya amsa cewa hujjar ba ta kammalu a hannunsa ba. Sunansa dangin ke amsawa har yau. Aka shafe shekara casa'in da biyu a haka, sai a 1732 Leonhard Euler, yana ɗan shekara ashirin da biyar a birnin St. Petersburg na Rasha, ya tunkari ta shida, 4,294,967,297, ya fasa ta: 641 sau 6,700,417. Ba kuma cinke ya yi ba. Daga baya ya bayyana dabarar, cewa duk lambar da za ta raba wannan dole ta kasance 64 ne aka ninka aka ƙara ɗaya. Da wannan sai dubban lambobin gwaji suka koma 'yan ƙalilan, 193, 257, 449, 577, sai 641 a gwaji na biyar. Tun daga ranar, duk 'yar dangin da aka iya tantancewa sai a tarar tana rabuwa. Shi ya sa 65,537 ke riƙe da kambun mafi girma da aka sani a cikin marasa rabuwa na gidan Fermat, kusan shekara ɗari huɗu ke nan ba a yi mata ƙanwa ba.

Abin da ya haɗa lambar da Gottingen kuwa wani saurayi ne, Carl Friedrich Gauss, ɗan talakawa daga Braunschweig, wanda ya zo karatu a 1795 yana ta waswasi tsakanin nazarin harsuna da lissafi. Tun zamanin Girkawa akwai wani wasa mai tsauraran dokoki: ka raba da'ira kashi-kashi daidai wa daida, ba da komai ba sai kamfas da rula marar awo. Littafin Euclid ya nuna yadda ake raba ta uku, huɗu, biyar, sha biyar, da ninkinsu. Daga nan aka tsaya cik har shekara dubu biyu. A ƙarshen watan Maris na 1796, saura wata guda ya cika shekara sha tara, Gauss ya gano ana iya raba ta sha bakwai. Da wannan ya buɗe ɗan littafin da yake rubuta abubuwan da ya gano, ranar 30 ga Maris, kuma daga nan harsuna suka rasa shi. Littafin ya ɓace wa duniya har 1898, yanzu yana babban laburaren jami'ar.

Dabarar tasa ta cancanci a tsaya a kanta, domin in ba ita ba akwatin da na zo gani ba zai yi ma'ana ba. Ɗigo sha bakwai kake nema a gefen da'ira. Na farko duk inda ka ga dama ka sa shi, saura sha shida. Gauss bai jera su bi da bi ba. Ya fara da 1, ya riƙa ninkawa da uku, duk sa'ad da lamba ta wuce sha bakwai sai ya zubar da sha bakwai-sha bakwai ya riƙe saura: 1, 3, 9, 10, 13, 5, 15, 11, haka har duka sha shidan suka fito, babu wadda ta maimaitu. Sai ya kasa su gida biyu kamar mai kasa goro, ɗaya nan, ɗaya can, takwas-takwas. Kowane kashi yana da awonsa, kuma abin mamakin shi ne in ka tara awon kashi biyun, ko ka buga su da juna, cikakkiyar lamba ce sananniya ke fitowa. Wanda ya san jimlar abu biyu da sakamakon buga su da juna, zai iya gano kowannensu ta hanyar neman lambar da aka buga da kanta ta ba da wata, wannan kuwa aiki ne da kamfas da rula ke iya yi. Sai a sake kasa takwas zuwa huɗu-huɗu, huɗu zuwa bibbiyu, har a iso ɗigon da ake nema. Sirrin duka shi ne sha shida na rabuwa biyu har ƙasa. Gwada bakwai ka gani: saura shida, ka raba biyu ka sami uku, nan ka maƙale. Saboda haka lamba marar rabuwa ba ta shiga wasan sai in ta ɗara jerin ninkin biyu da ɗaya tak, wato 'yan gidan Fermat. Gauss ya shimfiɗa wannan a littafinsa na 1801, Pierre Wantzel kuma ya cike hujjar cewa sauran ba za su yiwu ba a 1837.

Garin cike yake da sawun Gauss. Mun je gidan nazarin taurari da aka kammala a 1816, inda ya zauna ya yi aiki har rasuwarsa a 1855. Daga nan ne shi da Wilhelm Weber suka ja waya ta saman rufin gidaje a 1833, sama da kilomita guda, suna aika wa juna saƙo da lantarki tun kafin duniya ta san talgiram. Mutum-mutuminsu yana kusa da ganuwa, Gauss a zaune, Weber a tsaye. Kabarinsa yana tsohuwar maƙabartar Albani, wadda ta zama wurin shaƙatawa. Ana ba da labarin ya so a zana siffa mai gefe sha bakwai a dutsen kabarin, amma na zagaya ban ga komai ba sai hoton fuskarsa na tagulla. A garinsu Braunschweig ne aka sa tauraro mai tsini sha bakwai a gindin mutum-mutuminsa, wai don masassaƙi ya ce in aka yi siffar yadda take kowa da'ira zai ɗauke ta.

Cibiyar lissafi tana titin Bunsen, gini ne marar ƙyale-ƙyale da aka buɗe a 1929 da kuɗin gidauniyar Rockefeller ta Amurka. Ka shiga sai ka tarar da akwatunan gilashi a jere, cike da siffofi na farar ƙasa da katako da zare da waya, waɗanda aka ƙera don ɗalibi ya ga lissafi da idonsa, ya zagaya shi. Wasu sun girmi ginin nesa ba kusa ba. Ɗalibai na wucewa ta gabansu da kofin kofi, ko kallo ba sa yi, ni kuwa na yi tsaye kamar an dasa ni.

Mai masaukina ne ya yi mana magana da ma'aikatan laburaren cibiyar, da Jamusancinsa da ya fi nawa nesa. Gani ya kori ji. Akwati ne da aka yi musamman don abin da ke cikinsa, abin da ke cikin kuwa manya-manyan takardu ne, shafi sama da 200, layi bayan layi na lambobi da rubutun hannu tsaf. Mai shi Johann Gustav Hermes, malamin makaranta ne a Konigsberg, garin da yanzu ake kira Kaliningrad. An haife shi a 1846. Gauss ya riga ya tabbatar ana iya raba da'ira kashi 65,537, wani Richelot kuma ya yi na 257 a 1832. Hermes ya ce shi sai ya bi hanyar da ƙafarsa. Daga 1879 zuwa 1889 yana kai, bayan ya tashi daga aji. Jerin da Gauss ya yi da lamba sha shida, nasa 65,536 ne. Kashin farko 32,768 kowane ɓangare, na biyu 16,384, kuma kowane mataki yawan rukunan ninkuwa yake yi, kowane rukuni da nasa lissafin. Ba kwamfuta, ba na'urar lissafi, sai alƙalami da tawada da fitila. A 1894, da taimakon Felix Klein, ƙungiyar masana ta Gottingen ta buga taƙaitaccen bayanin aikin, ainihin kundin kuma ya zauna a nan. Hermes ya rasu a 1912.

Siffar da ya sha wannan wahala a kanta ba mai iya ganinta. Da za a zana ta kowane gefe santimita ɗaya, faɗinta zai haura mita 200. Da za a yi ta da girman duniyar nan, kowane gefe zai kai wajen mita 610, amma tazarar da ke tsakanin gefen da da'irar da ta kewaye shi ba za ta cika santimita ɗaya ba.

Da muka fito, mai masaukina ya kasa haƙuri.

"Yaya, tsakani da Allah, wannan ba aikin baban giwa ba ne? Shekara goma! Da gona ya yi, da ya ciyar da gari."

Ba shi kaɗai ke faɗar haka ba. Su kansu masana lissafi suna da barkwanci a kai, na wani malami da ɗalibi ya dame shi, ya ba shi wannan aikin don ya rabu da shi, sai ga ɗalibin ya dawo bayan shekaru da amsa a hannu. Kuma gaskiya ne aikin Hermes bai buɗe wata sabuwar ƙofa ba. Abin da ya nuna, Gauss ya riga ya tabbatar da shi a 'yan shafuka. Ni ma ba zan ce wa ɗana ya bi sawunsa ba.

Sai dai ba Hermes ne ya fi burge ni ba, masu ajiyar ne. A garin da Gauss da Dirichlet da Riemann suka gaji juna a kujera ɗaya, inda David Hilbert ya koyar shekara da shekaru, wa zai zarge su in sun ce wa malamin sakandare daga wani gari mai nisa ya kwashe takardunsa? Ba su tambaye shi amfanin abin ba. Sun ga aiki ne na gaskiya, an yi shi da haƙuri a kan tambaya ta gaskiya, suka karɓa, suka ba shi wuri. Yaƙin duniya biyu ya wuce, gwamnatoci sun zo sun tafi, cibiyar ta sake gini, akwatin na nan, kuma ma'aikacin da ka tambaya ya san wanda kake nufi. Ajiye kayan shahararre kowa ma zai iya, tun da akwai riba a ciki. Mai ajiye kayan wanda ake yi wa dariya shi ne na yarda karatun yake girmamawa.

Ba kuma zan ce garin ba shi da tabo ba. Shekara huɗu kacal da buɗe wannan gini, a 1933, gwamnatin Nazi ta kori malamai Yahudawa da waɗanda ba ta yarda da su ba. Richard Courant, wanda ya yi faɗi-tashin gina cibiyar, ya bar ƙasar. Emmy Noether, wadda tun farko sai da ta yi shekaru tana koyarwa da sunan Hilbert don ba a yarda mace ta zama malamar jami'a ba, ta tafi Amurka, ta rasu a can a 1935. Hermann Weyl ma ya tafi. Cikin shekara guda cibiyar da ta fi kowace a duniya ta zama kufai. Garin da ya iya adana takarda bai iya kare mutanen da ke rubuta ta ba. Yau sunayensu na kan alluna da tituna, kuma mutanen garin ba sa ɓoye labarin, su ke fara kawo shi.

Da dare na rama wa lambar abin da mai masaukina ya yi mata. Na sa ya buɗe kwamfutarsa, ya shiga wani shafin intanet, ya duba takardar shaidar tsaron shafin, can inda ake bayanin makulli. Ga ta nan zaune: 65537. Tsarin ɓoye saƙo na RSA, wanda Rivest da Shamir da Adleman suka fito da shi a 1977, yana buƙatar wata lamba ta fili da za a riƙa ninka saƙo da kansa sau adadinta, kuma akasarin makullan wannan tsari 65,537 suke ɗauka. Dalilin yana cikin halittarta. A rubutun kwamfuta na sifili da ɗaya, ita ɗaya ce, sai sifili sha biyar, sai ɗaya. Saboda haka maimakon ninki dubu sittin da biyar, na'ura sau sha shida za ta buga lamba da kanta, ta ƙara bugu ɗaya, shi ke nan. Rashin rabuwarta yana sauƙaƙa haɗa makullin, girmanta kuma ya kauce wa wasu ramukan da aka taɓa faɗawa sa'ad da aka yi amfani da 3 ba tare da kula ba. Mai tura kuɗi ta waya a Kantin Kwari ko a kasuwar Damagaram, da wuya ya yini wayarsa ba ta yi lissafi da ita ba.

"To ashe Malam Hermes ya yi rana," in ji shi.

Nan kuma ban bi shi ba. Ko Hermes bai taɓa riƙe alƙalami ba, injiniyoyi za su zaɓi lambar nan, don abin da suke so a jikinta daban, abin da ya bi daban, ko da yake duka daga ninkin biyun nan suka samo asali. Akwatin ba ya buƙatar banki ya wanke shi.

Abin da ya rage a buɗe shi ne ko dangin sun ƙare a biyar. Da waɗannan biyar, siffofi masu gefe mara, wato wanda ba ya rabuwa biyu, guda 31 kaɗai aka san kamfas da rula za su iya, babbarsu mai gefe 4,294,967,295, wadda ita ce duka biyar ɗin aka buga da juna, kuma biyu ne tsakaninta da lambar da Euler ya fasa. In ana ƙirga dangin daga sifili, 65,537 ce mai lamba 4, kuma daga mai lamba 5 har mai lamba 32 duk an tabbatar suna rabuwa, wasu ma ba tare da an san abin da ke raba su ba. Yawancin masana sun karkata ga cewa ba za a sake samun marar rabuwa ba, amma babu wanda ya kawo hujja. Mai lamba 33 ce ta farko da ta gagara. Tsawonta kaɗai, in za a rubuta ta, ya haura alƙaluma biliyan biyu da rabi. Akwai gwajin da zai yanke hukunci a kanta, wanda wani Bafaranshe, Pépin, ya fito da shi tun 1877, sai dai gwajin na buƙatar a buga lamba mai irin wannan tsawo da kanta sau sama da biliyan takwas da rabi, kuma ba a iya rarraba matakan ga kwamfutoci da yawa su yi a lokaci guda, domin kowane mataki sai ya jira sakamakon wanda ya gabace shi.